Koyon Kaɗa Jita

Jita wani abin kiɗa ne mai tsirkiya shida. Asalinta ba ta ƙasar Hausa ba ce, ko sunan nan ma aro shi aka yi daga bakin Turawa. Amma duk yaron da ya taɓa ganin garaya, ko molo, ko gurmi, in ya ga jita ba zai yi mata kallon baƙuwa ƙwarai ba, don kuwa dangin juna ne. Kowannensu yana da ciki mai rami, da dogon wuya, da tsirkiya wadda aka miƙe tun daga gindi har kai. Garaya tsirkiyarta biyu. Kuntigi, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, tsirkiyarsa ɗaya tak, cikinsa kuwa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Jita ita ce mai shida, kuma ba fata a jikinta, duk katako ne.

Ƙasar Sifen, can a Turai, ita ce gidan jita. A zamanin da, mutanen can suna kaɗa wata 'yar ƙarama mai tsirkiya biyu-biyu jeri huɗu, daga baya aka mai da su jeri biyar. Sai wajen shekara ta 1800 aka zauna a kan tsirkiya shida, kowace ita kaɗai. Wani masassaƙi na kudancin Sifen, sunansa Antonio de Torres, wanda aka haifa a 1817 ya rasu a 1892, shi ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin katakon fuskarta, har muryarta ta yi ƙarfi. Siffar da ya ba ta ita masu sassaƙa jita ke bi har wa yau. A zamaninsa da hanjin tumaki ake yin siraran tsirkiyoyin. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, aka koma yin su da nailan, watau irin zaren nan mai santsi da masunta ke ɗaura ƙugiya da shi. Ma'aikatan jiragen ruwa sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa jita a garuruwan bakin teku na Afirka ta Yamma, daga nan ta shigo cikin ƙasa. Ta kuma zama abin kiɗan samarin Abzinawa a Agadas.

Kafin mai koyo ya taɓa tsirkiya, ya kamata ya san sassan abin da ke hannunsa. Akwai ciki, mai siririn ƙugu kamar gora, da rami zagayayye a fuskarsa. Ƙasa da ramin akwai ɗan katako wanda tsirkiyoyi suka hau, shi ake kira jaki, kamar dai jakin goge. Sa'an nan sai wuya. An gitta waɗansu siraran ƙarafa a bisa wuyan, sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar karan dawa. Can ƙarshe kuma sai kai, mai ɗauke da 'yan kunnuwa shida. Kowace tsirkiya da kunnenta, in an murɗa shi ta ƙara ɗamewa ko ta saki.

To, ina sautin yake fitowa? In an fizgi tsirkiya aka sake ta, sai ta riƙa kai da komowa da sauri, har ido ba ya iya binta, sai ya ga kamar ta ƙara kauri. Wannan karkarwa ita ce tushen sauti. Amma tsirkiya ita kaɗai muryarta ba ta zuwa ko'ina. Jaki ne ke ɗaukar karkarwar ya kai wa katakon fuska, katakon ya girgiza iskar da ke ciki da ta waje, iska ta kai wa kunne. Kowane yaro yana iya gwada wannan. Ya sami zaren roba ya miƙe shi tsakanin yatsunsa ya fizga, da ƙyar zai ji wani abu. Ya ɗaura wannan roba ɗin a bakin gwangwani wanda ba kome ciki, ya sake fizga, sai ya ji ta yi magana.

Abu uku ke sa muryar tsirkiya ta hau ko ta sauka. Na fari kauri: mai kauri nauyi gare ta, tana karkarwa a hankali, muryarta babba ce. Wadda ta fi kauri a jita takan kai ta komo kamar sau 82 cikin sakan ɗaya, wadda ta fi siranta kuwa kamar sau 330. Na biyu ɗamewa: iyakar yadda aka ɗame tsirkiya, iyakar yadda muryarta ke hawa. Na uku tsawo, shi ne kuwa ya fi shafar mai koyo, don ba ya iya sake kaurin tsirkiya yana cikin kiɗa, ba ya kuma tsayawa murɗa kunne. Abin da yake iyawa shi ne ya gajarta ta. In ya danna tsirkiya a wata gaɓa, sai ta kwanta bisa ƙarfen da ke gaban yatsansa, daga ƙarfen nan zuwa jaki ne kaɗai zai yi karkarwa. Gajeruwar tsirkiya ta fi doguwa sauri, saboda haka murya ta hau.

A babbar jita mai nailan, tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki santimita 65 ne. Ƙarfe na 12 yana daidai tsakiya. Wanda ya danna a nan ya raba tsirkiya biyu ke nan, saurin karkarwarta ya ninka, sai a ji muryar farko ta komo, amma a sama. Kamar dai uba da ƙaramin ɗansa ne suna rera waƙa ɗaya, uban da babbar murya, ɗan da ƙarama, ba su kuwa saɓa ba. Mai garaya da mai goge su ma gajarta tsirkiya suke yi da yatsa, amma su ba a gitta musu ƙarafa ba, da kunne suke neman wurin da za su danna. Ta wannan fuska mai jita ya sami sauƙi, an riga an auna masa hanya.

Jita iri-iri ce. Akwai mai tsirkiyar nailan, akwai mai ta ƙarfe, akwai kuma ta lantarki, wadda aka fara yi a Amurka wajen 1930, ba ta da murya sosai sai an haɗa ta da lasifika. Ga yaro, mai nailan ta fi, don ta fi taushi a yatsa. Ana yin ƙanana musamman domin yara, ba kuwa abin kunya ba ne a fara da su, gama hannun da bai kai ya zagaya wuya ba ba zai danna kome daidai ba. In za a sayi tsohuwa, a ɗaga ta a dubi wuyan tun daga kai, yadda akan duba sanda a ga ko ta miƙe. In wuyan ya lanƙwashe, tsirkiyoyi sun yi nisa da ƙarafa, a bar ta ko da araha ce, don ko gwani ya ɗauke ta sai ta wahalshe shi. Kada kuma a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi domin nailan. Jan ƙarfe ya fi ƙarfinta, yana iya ɓamɓare jaki.

Akwai wata magana da ta riga saye. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, akwai kuma gidajen da ba su son ɗansu ya taɓa abin kiɗa ko kaɗan. Saboda haka sai yaro ya nemi yardar iyayensa tukuna. Wanda aka yardar wa kuwa, ya san lokacin da ya dace: ba lokacin salla ba, ba lokacin karatu ba, ba kuma da tsakar dare sa'ad da maƙwabta ke barci ba.

Mai koyo ya zauna bisa benci ko kujera marar hannu, ya miƙe bayansa, ya ɗora ƙugun jita bisa cinyarsa ta dama, wuyan yana duban hagu ya ɗan ɗaga sama. Hannun dama ke fizgar tsirkiya, na hagu ke dannawa. Bahago yana iya juya ta, ya sa a juya masa jerin tsirkiyoyin. In an riƙe ta daidai, mai kauri ita ce a sama, siririyar a ƙasa. Daga ƙasa ake ƙidaya su: siririyar ita ce ta ɗaya, mai kaurin ta shida. Kowace da sunan muryarta. Daga ta shida zuwa ta ɗaya, waɗanda suka yi karatu da Turanci suna cewa E, A, D, G, B, E. A Nijar kuwa, da sauran wuraren da ake karatu da Faransanci, Mi, La, Re, Sol, Si, Mi ake cewa. Abu ɗaya ne.

Aikin farko kullum shi ne daidaita tsirkiyoyi, don sukan saki da kansu, balle sababbi. Jitar da ba a daidaita ba, ko yatsu sun faɗa inda ya kamata, abin da zai fito ba daɗin ji, yaro ya yi ta zargin hannunsa alhali ba laifinsa ba ne. Yanzu akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a kan jita ta nuna ko murya ta yi sama ko ta yi ƙasa, wayar hannu ma tana yin wannan aiki. Suna da amfani, amma ba su isa a bar horon kunne ba. Ga yadda ake yi da kunne. A danna tsirkiya ta shida a gaɓa ta biyar a fizga, sa'an nan a fizgi ta biyar ba tare da an danna ta ba. Ya kamata su yi murya ɗaya. In ba su yi ba, a murɗa kunnen ta biyar kaɗan-kaɗan har su haɗu. Haka za a yi tsakanin ta biyar da ta huɗu, da tsakanin ta huɗu da ta uku. In an zo daidaita ta biyu, a gaɓa ta huɗu ake danna ta uku, nan kaɗai ne aka saɓa. Sa'an nan a koma gaɓa ta biyar a kan ta biyu, a daidaita ta ɗaya. Sa'ad da muryoyi biyu suka yi kusa amma ba su haɗu ba, akan ji sautin yana rawa, wau-wau-wau. Suna ƙara kusantar juna rawar tana ragewa, in sun haɗu sai ta tsaya cik. A riƙa murɗawa a hankali, a kuma kau da fuska, don tsirkiyar da aka ɗame fiye da kima takan tsinke ta yi bulala.

Yaro Bahaushe kada ya ce kunnensa ba zai iya wannan ba, gama tun yana goye yake yin irinsa. A rubuce, kuka ta miya da kukan jariri haruffansu ɗaya. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Amma in an faɗe su ba yaron da ke ruɗewa, abin da ya raba su kuwa hawa da saukar murya ne kawai. Kunnen da ya iya raba waɗannan zai iya gane tsirkiyar da ta yi sama da wadda ta yi ƙasa, in dai an ba shi lokaci.

A wuyan jita wuyar koyo take. Da fari mai koyo ya yanke faratan hannunsa na hagu ƙwarai, don dogon farce ba ya barin yatsa ya tsaya. Ya sa babban yatsa a bayan wuyan, sauran huɗun su lanƙwaso ta gaba kamar ya riƙe lemo. Da tsinin yatsa ake dannawa, ba da cikinsa ba, kuma dab da ƙarfen da ke gaba, ba a bisansa ba, ba kuma can baya ba. In yatsa ya yi nisa da ƙarfe, sai tsirkiya ta riƙa ziza kamar ƙuda ya shiga kwalba. In ya hau bisa ƙarfen, ko ya jingina da tsirkiyar da ke kusa, sai murya ta mutu. Aikin da ya fi kyau a fara da shi shi ne tafiyar hawainiya: manuni a gaɓa ta ɗaya, na tsakiya a ta biyu, mai bi masa a ta uku, ƙaramin a ta huɗu, ana fizga ɗaya bayan ɗaya, a gama da tsirkiya guda a koma ta gaba. Ƙaramin yatsa zai yi gardama, shi da maƙwabcinsa sun saba tafiya tare. Kada a ƙyale shi.

Cikin kwanakin farko bakin yatsu zai yi zafi, tsirkiya ta bar musu shaida. A nan ne masu koyo da yawa ke rataye jita a bango, ba su ƙara waiwayarta ba, suna tsammani hannunsu ne bai dace ba. Ba haka ba ne. Manomi ma in ya ɗauki fartanya farkon damina hannunsa yakan yi zafi, bayan 'yan makonni ya yi kanta, ya daina ji. Yatsun mai jita haka suke yin kanta. In fata ta yi bororo, a huta kwana ɗaya ko biyu ta warke. Da yawa kuma zafin nan na danna fiye da kima ne. Mai koyo ya danna tsirkiya ya fizga, ya riƙa sassauta yatsa kaɗan-kaɗan har ta fara ziza, sa'an nan ya ƙara ɗan ƙarfi kaɗan. Iyakar ƙarfin da ake bukata ke nan, zai kuwa yi mamakin ƙanƙantarsa.

In yatsu sun fara sabawa, sai a shiga haɗi, watau a danna tsirkiya biyu ko uku gaba ɗaya, a shafi dukansu su yi magana tare. Wanda ya fi sauƙi shi ne wanda ake kira E ƙarami. Yatsan tsakiya ya danna tsirkiya ta biyar a gaɓa ta biyu, mai bi masa ya danna ta huɗu a wannan gaɓa ɗin, sai a shafi duk shidan daga sama zuwa ƙasa. Na biyu A ƙarami, ba shi kuwa da nisa. Yatsun nan biyu kowanne ya sauko tsirkiya guda, watau su koma kan ta huɗu da ta uku, manuni kuma ya danna ta biyu a gaɓa ta ɗaya. A wannan haɗi ba a taɓa ta shida. Bayan an ɗora yatsu, a fizgi tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya a saurara. Wadda ta yi ziza ko ta mutu, a nemi yatsan da ya yi laifi a gyara masa zama.

Riƙe haɗi guda ba shi ne aikin ba, sauyawa daga wannan zuwa wancan a kan lokaci shi ne. Hannun dama ke riƙe da lokaci. Da babban yatsa ake shafar tsirkiya, ko da ɗan ɓallin roba da ake riƙewa tsakanin yatsu biyu. Mai koyo ya riƙa buga ƙafa yana ƙidaya ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowace ƙidaya shafa guda. In huɗu ta cika ya sauya haɗi. Wanda ya taɓa ganin mata suna lugude ya san abin da ake nufi. Kowace taɓarya da lokacin saukarta, in ɗaya ta makara sai su yi karo. In hannun hagu bai iya isa a kan lokaci ba, ba a tsai da na dama a jira shi, sai a rage saurin ƙidayar duka, ko da za ta zama kamar tafiyar raƙumi. Sannu ba ta hana zuwa. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi awa biyu ranar hutu kaɗai, don yatsu da maimaici suke riƙe abu, kanta kuma in an daɗe ba a taɓa tsirkiya ba takan tafi.

Ba sai an jira haɗi ya nuna ba kafin a ɗanɗani waƙa. A tsirkiya ta ɗaya kaɗai, mai koyo ya fizge ta a sake, sa'an nan ya danna gaɓa ta 3, da ta 5, da ta 7, da ta 10. Muryoyi biyar ke nan, ta 12 kuwa ita ce ta farkon ta komo a sama. Waƙoƙin gargajiya da yawa na ƙasashen nan a kan muryoyi biyar suke tafiya. Yaro ya ɗauki waƙar dandali wadda ya sani tun yana ƙarami, ya rera ta a hankali, ya riƙa lalube tsakanin gaɓoɓin nan har ya ji tsirkiya ta faɗi abin da bakinsa ya faɗa. In akwai wanda ya iya a unguwa, ya zauna gabansa ya dubi yatsunsa, ya fi a kwatanta masa da baki.

Ta irin wannan hanya waɗansu manyan makaɗa suka bi. Ali Farka Ture, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2006, ya tashi a garin Niafunke na ƙasar Mali, a bakin kogin Kwara. Da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara yana yaro. A 1956 ya ga wani mutumin Gini, Fodeba Keita, yana kaɗa jita, sai ta shiga ransa. Da ya same ta bai watsar da abin da ya sani ba, kiɗan garinsu ya ɗauka ya ɗora bisa tsirkiya shida, da shi kuma duniya ta san shi. Mdou Moctar kuwa, Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, daga baya kuma ya kai kiɗansa har Turai da Amurka.

Saura kula da jitar kanta, don katakonta siriri ne, ba ya son zafi da bushewa. Da hunturu, sa'ad da leɓe da diddige ke tsagewa, fuskar jita ma tana iya tsagewa. A riƙa sa ta cikin jakarta in an gama, kada a bar ta a rana, ko kusa da murhu, ko cikin mota a rufe. Da damina kuwa laima da gumin hannu ke sa tsirkiyoyi masu kauri tsatsa, sai a goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. In tsirkiya ta tsufa muryarta takan dushe, a sake ta da irinta, a lura kada a ɗaura ta huɗu a gurbin ta biyar. In kuma za a ajiye jita wata da watanni ba a taɓa ba, a murɗa kunnuwan baya kaɗan, tsirkiyoyi su saki, wuyan ya huta.